A ba mu labarin Pham Phuoc Hung a filin wasanni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, kuma ina da ƙorafi ɗaya a kan filinku na wasanni: ƙwallon ƙafa ya cinye shi kaf. Ni ma ina son ƙwallo, amma akwai 'yan wasan da tarihinsu ya cancanci ko da minti biyar, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne Pham Phuoc Hung, ɗan wasan alkafura da lanƙwasa jiki na ƙasar Biyetnam.

An haife shi a Hanoi a 1988. Tun yana ƙaramin yaro aka tura shi Sin koyon wasan, nesa da iyayensa. Ya yi fice a kan zobba biyu masu lilo da kuma sanduna biyu na jere. Duk wanda ya kalli wasan zobba ya san ba abin wasa ba ne: mutum ya rataye a sama, ya ware hannuwansa dama da hagu, ya tsaya cak na daƙiƙa biyu, jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa, kuma in igiya ta yi rawa alƙalai su rage masa maki.

To wannan bawan Allah, da ƙashin bayansa ne jarinsa, sai tarin fuka na ƙashi ya kama shi. Mu nan mun san wannan ciwo, mun san yadda yake rame mutum, da watannin da ake yi ana shan magani. Ya warke, ya koma fagen horo, ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya sake zuwa ta Rio a 2016. Har hukumar wasan ta duniya ta sa sunansa a kan salon da ya ƙirƙira, yau ana kiransa Pham a littafin alƙalai. Wannan kaɗai ya isa labari.

Kuma bai tafi da abin shi kaɗai ba. 'Yan ƙasarsa da suka biyo bayansa, Le Thanh Tung da Dinh Phuong Thanh, sun je Olamfik ta Tokyo, inda Uche Eke ya zama ɗan Najeriya na farko da ya yi wannan wasa a gasar. A 2023 kuma wani ɗan Biyetnam, Nguyen Van Khanh Phong, ya doke Carlos Yulo na Filifin a zobba a gasar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, alhali Yulon nan ne ya ci zinare biyu a Olamfik ta Paris a 2024.

Yaranmu na alkafura a kan yashi kullum, ba malami ba katifa. Don Allah ku ware mako guda ku kawo musu labarin Hung.

Naku mai sauraro,
daga Zariya