Cokali da zare sun isa a bambance kwarmi da doro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi kira ga malaman lissafi da kimiyya na makarantunmu a nan Jos. Yara suna haddace "konkef" da "konbeks" saboda WAEC da NECO, amma ka miƙa musu ƙwarya ka ce wane gefe ne wanne, sai su yi zuru. Alhali cikin ƙwarya shi ne mai kwarmi, wato konkef, bayanta kuma mai doro, wato konbeks.

A ba yaro cokalin ƙarfe mai sheƙi, ya miƙe hannu ya duba cikinsa: zai ga fuskarsa a kife, domin kwarmi tattara haske yake yi wuri ɗaya. Ya juya bayan cokalin: fuska a tsaye amma ta ƙanƙance, ga rabin aji ya shigo ciki, domin doro baza haske yake yi.

A siffofi masu kusurwa kuwa, a kafa ƙusoshi a katako, a zagaye su da zare. Idan kowace kusurwar ciki ba ta kai digiri 180 ba, siffar mai doro ce. Kusurwa ɗaya tak ta haura 180, ta zama mai kwarmi. Fili mai siffar harafin L misali ne, lungunsa digiri 270 ne. Inda yara suka fi faɗuwa shi ne auna lungun ta waje, su sami 90, su yanke cewa babu kwarmi. Maganinsa a ja zare tsakanin wurare biyu a cikin siffar. In akwai inda zaren ya fita waje, akwai kwarmi. Alwatika dai ba ta taɓa yin kwarmi.

Abin da ya fi damuna shi ne titi. Madubin gefen dama na yawancin motoci mai doro ne, don direba ya ga fili mai faɗi, sai dai yana nuna motar baya kamar tana nesa alhali ta matso. In ya fashe, wasu sukan yanko madubin ɗaki shimfiɗaɗɗe su manna. Nan take filin gani ya tsuke, mai Keke Napep da ke gefe a cunkoson Terminus ko Farin Gada ya ɓace wa direba. Kafin a biya kuɗin madubi, a ɗora gefen rula a kansa: in mai doro ne, tsakiya kawai za ta taɓa, bakin biyu su ɗan ɗaga.

Wassalam.

Wani malamin lissafi,
Unguwar Rogo, Jos