Zuwa ga Babana a Tokiyo

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan kalau, sai zafi. Na saurari saƙon muryar da ka turo wa mahaifiyarka har sau biyu. Ita dariya ta yi ta yi, ni kuwa na ce bari in rubuto, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Ka ce awa biyu ka yi kana bulayin neman gidan malaminka, wai garin da titunansa ba su da suna ai ba gari ba ne. Ni ma haka na ce lokacin da na je kwas can, kafin a haife ka. Su ba titi suke lissafawa ba, filin da titunan suka kewaye shi ne mai lamba. Ka fara da unguwa, sai yankin da suke kira chome, sai lambar rukunin gidajen, sannan lambar gidan. A tsofaffin unguwanni lambobin ba sa bin juna, kana iya ganin gida na 3 jingine da na 17. Shi ya sa in ka tambayi mutum hanya yakan zaro biro ya zana maka taswira. In ka rikice, nemi ɗan ɗakin 'yan sandan unguwa da ake ce wa koban, nuna hanya na cikin aikinsu na kullum. Kuma in an yi maka kwatance daga tashar jirgin ƙasa, riƙe sunan ƙofar fita da kyau. Tashar Shinjuku kaɗai ƙofofinta sun kai 200.

Kafin ka ƙara yi musu tsaki, tuna yadda ka taɓa yi wa baƙon Zariya kwatancen gidanmu: ya wuce gidan mai, ya sha kwana wajen tsamiyar da aka sare, ya tambayi mai shayi. Tsamiyar da aka sare tun kana firamare! A ƙauyenmu kuwa mutum zai tura leɓe ya ce maka nan kusa ne, ka yi ta tafiya har la'asar. Su a tallan gidajen haya in sun rubuta tafiyar minti ɗaya, mita 80 suke nufi, a ƙa'ide yake. Don haka in ka ce wa abokin karatunka kana nan tafe, shi agogo zai duba.

Sai zancen abinci, wanda na ga ya fi ci maka rai. Shinkafarsu ba gishiri, ba mai, ta kuma cuɗe. Da gangan ne. Gishirin yana cikin miyar miso, wadda suke yi da waken suya, da kifi da tsamin kayan lambun da ke gefe, kamar dai yadda ba wanda ke sa wa tuwo yaji. Danƙon kuma shi ke sa tsinken cin abinci ya ɗauke ta. Ni da na gane haka, sai na ƙara mata ruwa na tuƙe ta, na samu tuwon shinkafar da ko a Kano sai an tona. Kuɓewa tana nan a kantunansu, okura suke ce mata.

Ka yi ƙorafin mahaifiyarka ta ce ka zuba kuka daidai misali, alhali abokin ɗakinka har ɗan kofin awon shinkafa gare shi mai cin mililita 180. Hannunta ya shekara talatin yana awo, naka ko wata uku bai yi ba. Ari kofin nasa, ka rubuta abin da ka zuba duk ranar da miyar ta yi daɗi.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne toshe hancin da ka ce ka yi da aka kawo natto. Waken suya ne aka bari ya ruɓa da ƙa'ida, ƙanin daddawa ke nan uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da ka jefa taka daddawar a tukunya a kicin ɗin ɗalibai za ka so a yi maka kara. Ba dole ka ci ba, amma fuska a sake.

Inda nake so ka tsananta tambaya shi ne halal. Romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, mirin da suke zubawa a miya kuma akwai giya a ciki. Tambaya cikin ladabi, za su gaya maka gaskiya. Kada kuma ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, wa mamaci suke yi wa haka.

Kuka da daddawa da yaji suna nan an ƙulle, muna jiran mai tafiya. Kilishin da ka roƙa dai ba zai zo ba, dokarsu ta hana shiga da nama, sai ka dawo hutu. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka