Koken mazauna unguwa zuwa ga Mai Girma Hakimi kan karnukan da ba su da mai su

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Bauchi lafiya da imani. Mu talakawanka ne, magidanta da iyaye mata da malaman Islamiyya, mun aiko wannan takarda ta hannun Mai Unguwa saboda tura ta kai bango, a gafarce mu in harshenmu ya yi kaushi.

Ranar Talatar da ta wuce bayan la'asar yara na dawowa daga Islamiyya, wani kare da ba wanda ya san mai shi ya fito daga wajen bola yana dalalar da miyau, ya kama wani yaro ɗan shekara bakwai a ƙafa, ya kayar da shi ya sake cizonsa a hannu. Matasa suka bi karen da sanduna suka kashe suka cinna masa wuta, wallahi ba mu ga laifinsu ba, kowa ya ga jinin yaron nan zuciya za ta ɗebe shi. Amma da aka je asibiti tambayar farko ita ce ina karen? Ashe kansa ake kaiwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, nan kusa da mu, a duba ƙwaƙwalwar a gane ko mahaukaci ne. Ashe wurin cizon wanke shi ake yi da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 tun kafin a tafi asibiti, mu kuwa kafso aka fasa aka barbaɗa masa aka ɗaure da tsumma. Uban yaron ya sha yawo daga wannan kemis zuwa wancan kafin ya samu allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma ba guda ɗaya ba ce, sai an yi ta komawa, sai da maƙwabta suka yi karo-karo. Ranka ya daɗe, ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum likitoci sun ce kusan ba a tashi. Uwar yaron har yau ba ta barcin kirki.

Ba yau muka fara kuka ba. An faɗa wa Mai Unguwa, an je sakatariya, an rubuta an sake rubutawa, wani ya ce aikin duba-gari ne, duba-gari ya ce na asibitin dabbobi ne, can kuma a ce sai an kawo takarda. Akwai lokacin da aka zo aka watsa nama mai guba cikin dare, kajin mutane da kyanwoyi suka mutu, karnukan kuwa suna nan, haba ranka ya daɗe, da yaro ne ya tsinta fa?

Masu ilimi cikinmu sun nuna mana a kundin tsarin mulki na 1999, jadawali na huɗu, kula da ajiye irin waɗannan dabbobi na gida da yawonsu aikin ƙaramar hukuma ne, haka ma kwata. To muna roƙo ka shige mana gaba a naɗa mutum ɗaya tak wanda wannan ne aikinsa, mu san sunansa da lambar wayarsa, in an kira ya zo. Ya riƙa kama karen da ba shi da mai shi da kayan aiki na gaske, ya samu wurin tsare wanda ya yi cizo na kwana 10 ana lura da shi, ya rubuta gidajen da ke da karnuka, ya ɗauki rahoton duk wanda aka ciza ya bi shi har ya gama allura. Awaki da shanun da ake sakewa suna barna a titi su ma ya sa ido.

Dan Allah kuma kar a ba wani don ya yi wa wani kamfen. Muna son malamin dabbobi da ya karanta lafiyar dabbobi, ko a kwalejin Vom ko a kwalejin aikin gona ta nan Bauchi, yana aiki ƙarƙashin likitan dabbobi, shi kansa an yi masa rigakafi, yana jin Hausa da Fulatanci in da hali, mai haƙuri da jama'a kuma mai tausayin dabba, don addini bai yarda da azabtar da ita ba ko da kashe ta za a yi. A ba shi mashin da kuɗin mai.

Ba da 'yan farauta ko masu karen gadi muke faɗa ba, 'yan uwanmu ne, amma a kira shugabanninsu gabanka a umurce su su kai karnukansu allura. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka rigakafi cutar na yankewa. A yi shela a masallatai, kar a jira sai 28 ga Satumba ranar yaƙi da cutar a yi taro a watse. A kwashe bolar nan da ke tara su. Sannan muna sake roƙo, a ba mu mutumin nan, kuma a taimaki uban yaron da abin da ya kashe.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon share mana hawaye.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwa, Bauchi.