Kada ka ɗora wa gola laifin kakar bana

Assalamu alaikum ɗana,

Da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya fama da sanyi? Ummanka ta kawo mini maganar da kuka yi a waya, cewa golanku na hokin ƙanƙara ne ya kashe ku a bana, har kana shirin haɗa kai da wasu 'yan wasa ku sami koci a sauya shi kafin kaka mai zuwa. Na zaɓi in rubuto maka ne domin ka san halinmu ni da kai, in a baki ne ba mai barin wani ya ƙarasa zance.

Kada ka je. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma a hokin ƙanƙara gola ne tudun da kowa ya fi saurin hangowa, tunda a bayansa ake kunna jar fitila duk lokacin da ƙwallo ta shiga raga.

Na kalli wasanninku, wasu a fili wasu a intanet. Daga Oktoba zuwa Disamba kuna cin wasa ne da yawanku. Layi, wato rukunin 'yan wasan da ke shiga fili tare, ya shiga, ya yi kamar daƙiƙa 45 yana gudu iya ƙarfinsa, ya fito, wani ya karɓa. Bayan hutun hunturu 'yan bayanku biyu suka ji rauni, ɗaya kuma makinsa ya faɗi makaranta ta dakatar da shi. Sai koci ya koma dogaro da mutum kaɗan, ku kuma kuka ji daɗin hakan, kuna ganin an yarda da ku. Ranar Juma'a abin ba ya nunawa. Sai Asabar, da za a sake karawa da ƙungiyar jiya kafin jiki ya huce. Na gan ka a zango na uku ka dawo benci, ka duƙa, sanda a kan gwiwa, ko ruwan da aka miƙo maka ba ka iya karɓa ba. Da aka kira layinku sai da ka yi jinkiri kafin ka tsallake katanga. Wanda ya gaji haka ba ya bin mutuminsa zuwa bakin raga, yana miƙa sanda ne daga nesa. Je ka duba ƙwallayen da aka zura muku a Fabrairu, ka ƙirga nawa ne aka ci a bugu na biyu ko na uku bayan yaron nan ya tare na farko, babu ɗayanku kusa da zai share masa gaba.

Amma abin da ya fi damuna ba gajiyar ba ce. Tun da kuka hau saman teburi kuka daina wasan da ya kai ku can. Da zarar kun shiga gaba da ci ɗaya sai ku koma gida ku tsaya gadi, kowa ya samu ƙwallo ya wurga ta can ƙarshen fili. Alƙali ya busa, a dawo da ita gabanku, doka kuma ta hana ku sauya 'yan wasa, gajiyayyun nan dai su za su ci gaba.

Ka tuna daren 8 ga Afrilu, 2023, wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a Tampa? Minnesota ce ta ɗaya a ƙasa, tana da Logan Cooley da Matthew Knies da Brock Faber, rabonta da kofin tun 2003. Ta shiga gaba da 2-0. Daga nan ta ja da baya tana kare abin da ke hannunta, abokiyar karawarta Quinnipiac kuwa ta rama ɗaya, ta yi ta matsa mata. A zango na uku gaba ɗaya, minti 20, sau 2 kacal Minnesota ta kai bugu raga. Can kusa da tashi aka fitar da Cooley horon minti 2, kocin Quinnipiac Rand Pecknold ya cire golansa ya ƙara ɗan wasa, Collin Graf ya farke saura minti 2 da daƙiƙa 47. Ƙarin lokaci bai wuce daƙiƙa 10 ba Jacob Quillan ya ƙarasa su, 3-2. Ka ji wani mai hankali ya ce golan Minnesota ne ya zubar da kofin? Ƙwallo ta wuni a gidansu, dole wata ta shiga.

Na san za ka kawo mini St. Cloud State, ka ce ai gola na iya cin wasa shi kaɗai. Gaskiya ne. A Maris 2019 a Fargo, su ne na ɗaya cikin ƙungiyoyi 16, American International da ba ta taɓa zuwa gasar ba ta fitar da su 2-1, golanta ya hana su sakat. Wannan dare ɗaya ne a gasar sili ɗaya ƙwale, kuma haka hoki yake. Naku makonni aka ɗauka kuna zamewa, sauran ƙungiyoyin sun ga bidiyonku, sun gane ta gefen hagu kuke fita da ƙwallo kullum, suka toshe, ku kuma ba ku zo da wata dabara ba.

Sai naka na kanka, wanda ban ji ka faɗa wa Ummanka ba. A wasan da ya fitar da ku, an ture ka jikin katanga, alƙali bai busa ba, ka bi yaron ka maka masa sanda a hannu. Ka zauna minti 2, mutum huɗu suka tsaya wa biyar, a nan aka ci ku. Zuciyar nan ka san inda ka gado ta, ba zan yi maka dogon wa'azi a kanta ba. Amma wanda yake zaune a akwatin horo lokacin da ƙwallo ta shiga ba shi ne zai jagoranci masu kai ƙarar gola ba.

In kana son ganin koci, je ka kai kaɗai. Roƙe shi bidiyon wasannin Fabrairu, ku zauna ku duba tsawon lokacin da kake ɗauka a fili kowane shiga. Ka tambaye shi me ya sa yaran layi na huɗu suka daina shiga, domin da an riƙa ba su dama tun Nuwamba da an same su ranar buƙata. Wanda aka dakatar saboda maki kuma, kai da kake da ƙarfi a lissafi, me ya hana ka zauna da shi tun kafin jarrabawa?

Azumi ma na san ya faɗo muku a ƙarshen kaka, kuma na ji daɗi da ba ka fake da shi ba. Sai dai an ce mini sahur ɗinka shayi ne da burodi, wani lokaci ma barci ke kwashe ka. Baɗi zai sake zuwa cikin kaka, har ya ɗan matso gaba. Ka sanar da mai kula da lafiyar 'yan wasanku da wuri, ku tsara abin da za ka ci da ruwan da za ka sha tsakanin buɗa-baki da sahur. Gudu da ɗaga ƙarfe kuma a hutun bazara ake fara su, ba a Janairu ba.

Golan nan, ka kira shi a makon nan ku ci abinci tare. In za ka zo hutu ka taho da shi, Ummanka ta ce za ta yi masa waina. Ka zo mini da sakamakon jarrabawarka, kuma ka wanke jakar kayan wasan nan kafin ta shigo mana gida.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka