A daina jefar da takardar ƙin biza

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan matasanmu da ake hana wa bizar dogon zama, ta karatu ko ta bin iyali, kuma tun ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Duk waɗanda suka bugo waya, wasu sun ce ba rabo, wasu sun ce Turawa ne suka tsane mu. Ban ji mutum ɗaya da ya faɗi abin da aka rubuta a takardar da aka maido masa cikin fasfo ba. Ni tsohon malamin Faransanci ne, kuma a unguwarmu wanda takardar boko ta ɗaure wa kai ni yake kawo wa. Irin wannan takarda na karanta ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma yawanci sai ta yi watanni a ƙarƙashin katifa ake kawo mini ita.

Ban ce babu siyasa a ciki ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, ranar 2 ga Janairun 2024 kuma ta sanar da rufe ofishin jakadancinta, ta ce ofisoshinta na ƙasashen yankin ne za su ci gaba da irin wannan aiki. Ɗan Maraɗi da a da yake shan tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, yanzu sai ya ƙetare iyaka, ya biya mota da masauki da abinci. Kuɗin bizar dogon zama ta Faransa yuro 99 ne, wajen jika 65 na sefa, kuma ba a maido su in an ƙi ka. To wanda zai yi wannan ɗawainiya sau biyu, ai bai kamata ya koma da dosiyen da aka riga aka ƙi ba, ya ce ko Allah zai sa a dace.

Ɗan ƙanena ne ya koya mini wannan, shekarun baya, tun ofishin Yamai yana buɗe. Ya gama lisans ɗinsa na aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, yana son ya ƙaro masta. Aka haɗa mahaifinsa da wani ɗan kamasho da ya ce ya san hanya. Da fasfo ya dawo babu biza, ƙanena ya ce a bar wa Allah. Na ce a bar wa Allah, amma a ba ni takardar. A jerin dalilan ƙi da ke cikinta, gida biyu aka yi wa alama: na farko ya ce bayanan da aka bayar ba su cika ba ko ba abin dogaro ba ne, na biyu ya ce akwai dalilin zaton ba karatu ne zai kai shi ba. Muka baje dosiyen a tabarma, muka bi shi shafi-shafi, kuma wallahi da ni ne ma'aikacin da na ƙi shi.

Babban abin shi ne kuɗi, kuma a nan ne mu mutanen Maraɗi muke faɗuwa. Mu dukiyarmu ba a banki take kwana ba. Tana cikin buhunan aya da wake a sito, tana wajen makiyayi, tana kan mota tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, tana hannun abokan ciniki da za su biya bayan kasuwa ta ci. Alhajin da duk gari ya san zai iya riƙe ɗalibai goma, a takarda talaka ne. Ma'aikacin da ke duba dosiye bai taɓa shiga babbar kasuwarmu ba, bai san wane ne wane ba, takardar banki kawai yake gani. A lokacin Faransa tana neman ɗalibi ya nuna yuro 615 a wata, wato kimanin jika 403, shekara guda kusan miliyan 5 ke nan. Ƙanena yana da su, halak malak. Amma asusunsa ya yi watanni yana barci da ƴan canji, sai kwana goma kafin a kai dosiye miliyan 5 suka faɗo a rana ɗaya, bisa shawarar ɗan kamasho. Duk mai hankali zai ce kuɗin aro ne, gobe za a kwashe su. Gaskiya ce muka yi wa shigar ƙarya.

Gyaran wannan bai yiwu cikin mako guda ba. Kusan shekara ƙanena ya yi yana bi da cinikinsa ta banki, kuɗi na shiga suna fita yadda kasuwanci yake. Muka haɗa rajistar kasuwancinsa, da lambar harajinsa ta NIF, da rasiɗan harajin da ya biya, da takardar ɗaukar nauyi da aka buga wa hatimi a ofishin magajin gari. Kowace ƙasa da adadinta, kuma ana canza shi: Jamus, alal misali, tun watan Satumban 2024 ta kai nata yuro 11,904 a shekara, a asusu na musamman da ɗalibi ke cira wata-wata. A duba adadin shekarar da ake ciki a shafin ofishin jakadancin da kansa, kada a dogara da abin da wani ya kai shekara uku baya.

Sai suna. Wannan ya fi ba ni tausayi, don ba laifin yaran ba ne. A takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a takardar bak Mahamane, a fasfo Maman. Mu mun san mutum ɗaya ne, wanda ke can bai sani ba. Da yawa daga cikinmu ma takardar haihuwar ta kotu ce, an yi ta bayan yaro ya isa shiga lakwal. A je kotu a daidaita su tun kafin a fara neman makaranta. Haka mai bin miji ko mata: ɗaurin auren masallaci da shaidu ya isa aure a wajenmu, amma ofishin biza takardar aure ta hukuma yake nema, da sunaye da ranakun da suka dace da na fasfo.

Zaton cewa ba karatu zai kai shi ba kuwa, ɗan kamasho ne ya jawo. Yaro mai lisans a aikin gona aka nema masa ajin farko na harkar kasuwanci a wata makarantar kuɗi, aka haɗa da wasiƙar da aka kwafo daga intanet, wadda ko shi bai iya maimaita abin da ke cikinta ba. A karo na biyu ya nemi masta kan kula da ƙasar noma, ya rubuta wasiƙarsa da hannunsa, ya yi bayanin aikin da ya yi kan sassaben zamani a gonakin jiharmu da abin da yake son ya dawo ya yi. Ni nahawu kawai na gyara. Ya kuma faɗi a fili cewa an taɓa ƙin sa, da abin da ya canza tun lokacin. Aka ba shi.

Masu cewa a canza fasfo ko a sauya suna don a ɓatar da sawu, su sani ana ɗaukar zanen yatsu, kuma yatsa ba ya canza suna. Takardar bogi guda ɗaya tana iya ɓata wa yaro nema na shekaru.

Akwai kuma hanyar ƙorafi da mutane ba su sani ba. A Faransa akwai kwamiti a birnin Nant da ke sake duba bizar dogon zama da aka ƙi. Tun farkon 2023 wa'adin kai masa kuka kwana 30 ne, da Faransanci ake rubutawa, in ya yi wata biyu bai amsa ba a ɗauka ya ƙi, daga nan sai kotun harkokin mulki ta Nant. A ganina wannan hanya ta wanda dosiyensa ya cika ne aka yi masa kuskure, musamman masu iyali. Wanda ramin ke cikin takardunsa, gara ya cike shi ya sake nema. Jamus ma tun 1 ga Yulin 2025 ta soke ƙorafi a ofisoshin jakadancinta, saura sabon nema ko kotu a Balin.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku ware shiri guda a karanta irin wannan takarda layi-layi, a fassara kowane gida da Hausa, kafin damina lokacin da ɗalibai ke kai dosiye. In kun amince zan zo da kwafin ta ɗan ƙanena, mun shafe sunan, kuma ya yarda a karanta ta.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Zariya, Maraɗi