Zuwa ga Abokan Cinikinmu: Daga Yanzu Kowane Faifai da Shaidarsa

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne, masu shigowa shagonmu a nan Manchester da waɗanda muke aika wa kaya Kaduna, Kano, Yamai da Accra. Muna gaishe ku, da fatan kowa yana lafiya, shi da iyalinsa.

Dalilin wannan takarda shi ne mu sanar da ku cewa daga farkon wata mai kamawa, duk faifan waƙa da zai bar hannunmu zai fita da 'yar takarda manne a rigarsa. Takardar za ta faɗi ko bugun farko ne ko sabon bugu mai lasisi, da wace irin roba aka yi shi, da yadda lafiyarsa take. Jabu kuwa ba shi da wuri a kantarmu, ko a musaya aka kawo shi, har da tsohon jabu na shekarun 1970 da wasu shaguna ke sayarwa a fili suna kiransa kayan tarihi.

Abin da ya tunzura mu shi ne wani ƙaninmu, matashin DJ, da ya shigo kwanakin baya yana murna, riƙe da faifan wani ƙaramin kamfanin Detroit da ya saya ta intanet. Kuɗin da ya biya sun kusa albashinsa na wata. So yake mu wanke masa shi kawai. Da muka kai shi ƙarƙashin fitila sai muka ga takardar tsakiya ta yi sheƙi da yawa, gefen haruffanta kuma dishi-dishi, alamar hoton takardar asali aka ɗauka aka sake bugawa. Muka karkata shi don mu duba siririn filin nan da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda. Na asalin da muka sani yana da hatimin inji a wurin. Nasa da hannu aka karce lambar. Muka ɗora allura. Fuskar faifan tas take, babu ko ƙwarzane ɗaya, amma ga ƙaran tsohon faifai yana fita a amshin farko, don daga wani faifan da ya sha jiki aka kwafi waƙar. Yaron ya zauna a kan benci ya yi shiru. Wanda ya sayar masa kuma ya rufe shafinsa ya ɓace. Ba ma so wani daga cikinku ya sake shiga wannan hali, balle a ce ta hannunmu abin ya bi.

Ga sababbin shiga, ya kamata ku san inda tsadar nan ta samo asali. A shekarun 1960, da Motown, kamfanin waƙa na Berry Gordy, ta yi ƙarfi a Detroit, ƙananan kamfanoni barkatai suka taso a biranen Amurka, kowa yana neman irin sa'arta: Ric-Tic da Golden World a Detroit ɗin, Mirwood a Los Angeles, Shrine a Washington. Sau da yawa 'yan ɗaruruwa ake bugawa, a kai gidajen rediyo. In rediyo bai sa ba, shi ke nan, sauran su tafi sito. Wasu aka narkar da su, wasu aka huda musu rami a takarda aka zubar a farashin gwanjo. Ragowar kayan Shrine ma wuta ce ta cinye su a tarzomar 1968 da ta biyo bayan kisan Martin Luther King, shi ya sa ko mu nan ba kasafai muke ganin ɗaya ba.

Waƙoƙin da Amurka ta yi watsi da su, 'ya'yan leburori a arewacin Ingila ne suka tsince su. A gidajen rawa irin su Twisted Wheel na garin nan, wanda aka buɗe a 1963 aka rufe a 1971, da Golden Torch a Stoke, da Blackpool Mecca, da Wigan Casino inda aka yi ta kwana ana rawa daga Satumban 1973 har 1981, abin da matasa ke so shi ne sol, wato kiɗan baƙar fatar Amurka, mai saurin bugu irin na tsakiyar shekarun 1960, alhali Amurkawa sun riga sun wuce zuwa wani salon. Dillalai irin su John Anderson mai Soul Bowl suka riƙa haye teku suna kwashe situna dubbai-dubbai. Daga nan darajar DJ ta koma cikin akwatinsa. Wanda yake da faifan da babu mai shi, shi ake hawa jirgin ƙasa a je saurara.

To, a nan ɓarna ta shigo. Don kada abokan hamayya su gano waƙar su nemo tasu, sai DJ ya liƙa farar takarda a kan ta asali, ya rubuta sunan wani mawaƙi daban da wani take daban. Masu buga jabu kuma suka ga kasuwa, tunda dubban masu rawa na son waƙa, ga shi kwafinta bai wuce ƙidayar yatsu ba. Misalin da kowa ya sani shi ne na Frank Wilson. A 1965 ya yi wa Motown waƙar nan “Do I Love You (Indeed I Do)”, aka buga kaɗan na gwaji, sannan aka lalata kusan duka, shi kuma ya ci gaba da aikinsa na tsara wa wasu waƙa. Da ta ɓulla a Wigan a ƙarshen shekarun 1970, da sunan Eddie Foster aka san ta, da wannan sunan kuma aka buga jabunta. Sai a 1979 ta fito a Birtaniya da sunan mai ita. A 2009 aka sayar da ɗaya daga cikin na asalin a kan fam 25,742.

Kowa na son ambaton wannan adadi. Mu abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne mawaƙan da ba su da gata irin na Frank Wilson. Da yawa sun bar waƙa sun koma masana'anta ko tuƙi, ba su da labarin cewa a wata ƙasa ana cika zaure da muryarsu duk ƙarshen mako. An ɓoye sunansu a kan faifai, an sayar da jabun aikinsu, ko sisi bai kai gare su ba. Haƙƙin mutane ne wannan, kuma ba za mu sa hannu a ci gaba da cinsa ba.

Saboda haka muke ƙara yawan sabon bugu mai lasisi a shago. Kamfanin Kent, wanda Ady Croasdell ya soma haɗa wa kaya a ƙarƙashin kamfanin Ace a 1982, da Numero Group na Chicago, suna bin sawun masu haƙƙi, su yi yarjejeniya, sau da yawa ma su samo kaset ɗin asali na ɗakin ɗaukar murya. Sautin wani lokaci ya fi na bugun farkon da ya shekara hamsin yana yawo. Mun san akwai wurare a ƙasar nan da dokarsu ita ce bugun farko kaɗai, kuma muna girmama su, don wahalar nema da kuɗin da suka zuba ba wasa ba ne. Amma a daren da muke shiryawa duk ƙarshen wata, DJ na iya hawa da sabon bugu ba tare da jin kunya ba. Sharaɗinmu biyu ne: ba jabu, ba rufe takarda. In wani ya zo ya tambaye ka wace waƙa ce wannan, ɗaga faifan ka nuna masa, ka faɗi sunan mawaƙin a lasifika. Yaron da ke da kunne mai kyau da aljihu mara nauyi ya fi mana wanda ya mallaki akwatin dubban fam amma bai iya karanta filin rawa ba. Kamar kullum, ba giya a wurin, ba ƙwaya. Shayi da ruwan sanyi ne, sai rawa.

Maganar roba kuma tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙananan fayafayan Amurka masu inci bakwai da babban rami, waɗanda kamfanin RCA Victor ya fito da irinsu a 1949, ba duka ne na bainil ba, wato robar da aka saba yin faifai da ita. Da yawa na wata roba ce da ake kira sitairin, musamman waɗanda suka fito daga masana'antun Columbia da ta Monarch a Los Angeles. Za ku gane shi da rashin nauyi, da takardar da aka manna da gam maimakon a matse ta cikin jikin faifan, in kuma kun ƙwanƙwasa gefensa da farce za ku ji ƙas-ƙas. Sabonsa yana da sauti mai daɗi ƙwarai, amma ba ya jure wulaƙanci. Allura da ta cinye, ko nauyi da ya yi yawa, ko yawan ja da baya don saita farkon waƙa, cikin ɗan lokaci za su bar masa wani huci a daƙiƙun farko wanda babu wankin da zai fitar. Don Allah masu ɗora kwabo a kan hannun allura su daina. A yi amfani da allura mai zagayen baki, a bi nauyin da kamfaninta ya faɗa, a canza ta kafin ta gaji. In faifan sitairin ne mai tsada, a saita shi da ido, a sauke allura sau ɗaya. Duk faifan da muka san na sitairin ne za ku ga jan ɗigo a takardarmu.

Wajen auna lafiyar faifai za mu ci gaba da haruffan da kasuwa ta saba da su, NM (kusan sabo) da VG+ (ya ɗan ga aiki) da VG (ya fi shan hannu), amma da kunne muke aunawa, ba da ido kaɗai ba. Kowane faifan da ya wuce fam hamsin sai mun saurare shi gaba da baya. Wanda yake nesa zai iya neman bidiyo ta WhatsApp: mu nuna takarda, mu nuna lambar bugu a ƙarƙashin fitila, mu sa waƙar daga farko. Mai sayen goro yakan buɗe huhu ya duba kafin ya biya, ku ma haƙƙinku ne. In kaya ya iso kuka ga ya saɓa da abin da muka rubuta, kuna da mako biyu ku dawo da shi, kuɗin aike a wuyanmu. Wannan aiki zai ci mana lokaci, don haka sababbin kaya za su riƙa fitowa kanta a hankali, farashin wasu na bugun farko kuma zai ɗan motsa. Muna roƙon ku yi mana haƙuri.

'Yan uwa na gida, ku kula da zafi. Faifan da aka bari a mota da rana a watan Afrilu zai lanƙwashe, kuma da wuya ya koma daidai. A jera su a tsaye, kada a jibge wani kan wani, a nesanta su da taga. Ƙurar hunturu kan shige cikin layukan, sai a goge da burushi mai laushi kafin a sa, in za a wanke kuma a nemi tataccen ruwa da ɗigon sabulu, kada ruwa ya taɓa takarda. Mu ma za mu riƙa cire faifai daga rigarsa mu sa shi tsakanin kwali mai kauri kafin mu aiko.

Wasunku kan turo mana hotunan akwatunan iyaye suna tambayar ko akwai dukiya a ciki. Iyayenmu sun ji sol sosai a zamaninsu. James Brown ya yi wasa a Legas a 1970, Wilson Pickett kuma a Accra ranar 6 ga Maris 1971. Sai dai fayafayan waɗannan manyan an buga su da yawan gaske, saboda haka tsufansu bai sa sun yi tsada ba. Abin da ya kamata ku duba da kyau shi ne waɗanda ba ku san sunan mawaƙinsu ba, da na ƙungiyoyin Najeriya da Gana na shekarun 1970 da ke kwance a akwati ɗaya da su, don akwai masu nemansu ruwa a jallo. Kada ku sallama wa mutumin farko da ya yi sallama ya taya akwatin gaba ɗaya. Ku turo hoton takardar gaba da ta baya, da na lambar da ke kusa da ita, za mu faɗa muku abin da muka sani kyauta, ko ba mu za ku sayar wa ba.

Haka nan duk wanda yake da faifan da ya saya a wani wuri kuma zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, ya kawo shi shago ranar Asabar bayan azahar, mu duba tare.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a nemanku.

Naku,
Masu shago da ma'aikata