Kada ki sa hannu a takardar nan

Zuwa ga baiwar Allah da ta bugo waya a shirinmu na rediyo ranar Asabar,

Assalamu alaikum. Layinki ya katse kafin in amsa miki, ga shi ba ki faɗi suna ba, shi ya sa na rubuto a nan. Kin ce shekararki biyu kina karɓar kuɗi a wani babban kanti a Kano, cikinki ya shiga wata bakwai, sai manaja ya miƙo miki takardar ajiye aiki, wai in kin yi arba'in ki leƙo ko da gurbi. Kika tambaye ni ko yana da ikon yin haka.

'Yar'uwa, kada ki sa hannu. Da korarki abu ne mai sauƙi a wurinsa, da bai tsaya neman sa hannunki ba. So yake gobe a ce ke kika tafi da ƙafarki.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce idan likita ya ba ki takarda cewa saura kamar mako 6 ki haihu, kina da damar tafiya hutu. Bayan haihuwa kuma akwai wasu mako 6 da doka ta hana a sa ki aiki ko da ke kika nema. Kwana 42 ke nan, wato arba'in ɗinmu da ɗoriyar kwana biyu. Tunda kin wuce wata 6 a jere kina aiki, dole a biya ki aƙalla rabin albashinki a wannan hutu. Ba a yarda a ba ki takardar sallama kina cikin hutun ba, ko wadda wa'adinta zai cika a cikinsa. In kin dawo kina shayarwa, kina da rabin awa sau biyu a rana. Kuɗin asibiti dai sashen bai ɗora wa mai kanti ba, sai in yarjejeniyarku ta faɗa.

Ni a ganina wannan rabo ya yi kaɗan. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya mako 16 take samu da cikakken albashi, Jihar Kaduna kuwa tun 2019 ta mayar da na ma'aikatanta wata 6. Ita mai tsayuwa a kanti tun safe har isha, wadda ƙafafunta suka fi kumbura, ita aka bari da rabi. To, amma rabin ma ai naki ne.

Inda manajoji ke samun kafa shi ne wannan lokacin da kike ciki yanzu, kafin hutun ya fara, domin kalmomin sashen sun fi tsayawa a kan mace da ta riga ta tafi hutun. Sai dai dokar ba ita kaɗai ba ce. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki ya hana nuna bambanci saboda jinsi, kuma tun gyaran 2010 aka ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba duk wata cuta a wurin aiki, har ta auna ta da yadda ake yi a duniya. Ta taɓa ɗaukar kora saboda juna biyu a matsayin zalunci, ta sa a biya diyya. Tana da reshe a nan Kano. Masu manyan muƙaman ofis, waɗanda sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ya cire daga ma'anar ma'aikaci, su ma can suke zuwa da yarjejeniyar aikinsu.

A awonki na gaba ki tambayi likita ranar da zai iya ba ki takardar. Ki rubuta neman hutu, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi a ɗaya ki riƙe. Ki adana takardar ɗaukarki aiki da saƙonnin shigar albashi na banki. Duk abin da manaja ya faɗa da baki, ki tura masa ta WhatsApp cikin ladabi: ranka ya daɗe, ina son in tabbatar ko haka ka ce. Ki ci gaba da zuwa aiki a kan lokaci, kada a samu hujjar fashi. Idan ya matsa, ki je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, ko wurin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da takardunki a hannu.

Allah ya sauke ki lafiya.

Ɗan'uwanki, lauyan shirin.